Lambar izini ta tashi daga 7 zuwa 11, yaron shago ya samu damar sauya farashi: me & da | suke yi ne?

Ɗan Jekadafari

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman wanda zai warware min wani ƙulli.

Kawuna yana da shagon taki da iri da maganin feshi kusa da Tudun Hatsi, nan Gombe. Akwai wata 'yar manhaja ta PHP (harshen rubuta shiri) da MySQL (rumbun bayanai) da wani ya rubuta masa tun da daɗewa, da ita ake yanka rasit, da ita ake rubuta bashi. Wanda ya rubuta ta ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga. Ni kuwa tunda aka ji ina karatun kwamfuta, shi ke nan, komai ya lalace ni ake kira, har firinta in ta ci takarda.

A teburin ma'aikata da ke rumbun bayanan akwai gurbi guda mai suna izini, lamba ɗaya tak ce a ciki. Ta kawu 31, ta babban yaronsa 15, ta yaran kanta 3. A saman wani fayil kuma na ga wannan:

`const DUBA = 1;`
`const SAYARWA = 2;`
`const BASHI = 4;`
`const FARASHI = 8;`
`const GOGE = 16;`

Da damina ta kankama manoma suka fara zuwa karɓar taki bashi sai kaka, aiki ya yi wa babban yaron yawa. Kawu ya ce a ba ɗaya daga cikin yaran kanta izinin rubuta bashi. Babban yaron ya danna maɓallin ba da izinin, intanet tana jan ƙafa, shafin bai motsa ba, sai ya sake dannawa. Washegari yaron ya zo rubuta bashi, manhaja ta hana shi, amma akwatin farashin buhun yuriya ya buɗe masa, yana iya rubuta duk abin da ya ga dama. Allah ya sa yaron mai amana ne, shi ya zo ya faɗa. Da na leƙa rumbun bayanai na tarar lambarsa 11 ce. Layin da ke bayan maɓallin shi ne:

`$izini = $izini + BASHI;`

Abu na biyu: shafin goge rasit, wanda kawu ne kaɗai ya kamata ya shiga, ashe kowa yana shiga. Ga mai gadin ƙofar:

`if ($izini & GOGE == GOGE)`

Tambayoyina: me ya sa 1, 2, 4, 8, 16, ba 1, 2, 3, 4, 5 ba? Ta yaya 11 ta ƙwace bashi ta ba da farashi? Kuma wannan & guda ɗaya mece ce? Ni && na sani. A makaranta mun yi juya lamba zuwa binari, an raba da biyu an tara saura, mun ci jarrabawa, amma ba wanda ya nuna mana inda ake cin moriyarsa.

Baba Mai Inbata, Bauchi

Wa alaikumus salam ɗana. Ni ba mutumin PHP ba ne, gyaran inbata da sitabilaiza nake yi a wajen Wunti, sai ɗan rubutun shiri da harshen C da nake yi wa ƙananan cif-cif. Amma wannan abin da ka kawo kullum da shi nake kwana, don haka bari in sa baki.

Ka daina kallon 11 a matsayin sha ɗaya. Ka tsaya gaban bangon shagon kawunka, ka ce akwai makunnan wuta biyar a jere. Na can dama shi ne DUBA, na kusa da shi SAYARWA, sai BASHI, sai FARASHI, na ƙarshe a hagu GOGE. Wanda yake kunne ka rubuta 1, wanda yake kashe ka rubuta 0. Kowane makunni shi ake kira bit. To ga abin da ya faru da yaronku:

`00011` shi ne 3: duba da sayarwa
`00111` shi ne 7: an ƙara bashi
`01011` shi ne 11: bashi ya mutu, farashi ya kama

Ka gani? Dannawar farko ta yi daidai, 3 da 4 sun ba da 7. A dannawa ta biyu aka ƙara 4 a kan makunnin da yake kunne tun da farko. A binari babu lambar 2 da za a rubuta a gurbi ɗaya, saboda haka 1 da 1 sai ka ajiye 0 ka ɗauki 1 ka kai gurbin gaba, yadda aka koya maka a firamare in ka tara 5 da 5. Wannan ɗayan da aka ɗauka shi ya faɗa kan FARASHI. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, tarawa aka ce ta yi, ta tara.

Dalilin 1, 2, 4, 8, 16 kuwa shi ne kowacce a cikinsu makunni ɗaya kacal take kunnawa: 00001, 00010, 00100, 01000, 10000. Ba wadda ta taka ƙafar wata. Da an yi 1, 2, 3, in ka ga 3 ba za ka taɓa sanin izini na uku ake nufi ba ko kuwa na ɗaya da na biyu ne aka haɗa. Amma da ninkin biyu, kowace lamba daga 0 zuwa 31 hanya ɗaya ce tak ake haɗa ta. Shi ya sa ta kawunka 31 ce, 11111, duk biyar a kunne.

Yanzu alamomin. Dukkansu suna jera lambobi biyu ne ɗaya bisa ɗaya, su bi gurbi-gurbi, kuma babu ɗaukar ɗaya a kai gaba. Abin da ya faru a gurbi ya tsaya a gurbin.

Alamar | tana ba da 1 in ko ɗaya daga cikin biyun 1 ne. Da ita ake kunnawa. 00011 | 00100 ya ba da 00111. Sake yi: 00111 | 00100, har yanzu 00111. Ko babban yaron nan ya wuni yana dannawa, 7 za ta tsaya 7. Saboda haka layin farko ya zama:

`$izini = $izini | BASHI;`

Alamar & tana ba da 1 ne kawai in duka biyun 1 ne. Da ita ake tambaya. 00111 & 00100 ya ba da 00100, wato 4, akwai bashi. 01011 & 00100 ya ba da 00000, babu. Ka lura amsar ba "e" ko "a'a" ba ce, lamba ce, ko sifili ko wadda ba sifili ba. Nan ta bambanta da && ɗinka, wadda ba ruwanta da gurabe, ita dai tana duba ko ɓangarorin biyu gaskiya ne. 2 && 4 gaskiya ne, amma 2 & 4 sifili ne.

Kashewa kuma sai an haɗa biyu. Alamar ~ tana juya komai, 1 ya koma 0, 0 ya koma 1. To ~BASHI ya zama duk 1 ban da gurbin bashi. In ka yi & da shi, kowa ya tsira sai bashi kaɗai:

`$izini = $izini & ~BASHI;`

Akwai kuma ^, wadda ke ba da 1 in biyun sun saɓa. Ita juyawa take yi: in a kunne yake ta kashe, in a kashe yake ta kunna. Kada ka kuskura ka sa ta a bayan maɓallin nan naku, don dannawa biyu za ta ba da izini ta kuma karɓe abinta. A wurina kuwa tana da rana. A ɗan allon lantarki na Arduino Uno, 'yar fitilar da ke ƙafa ta 13 tana kan bit na 5 ne na PORTB, lambar da ke kunna wasu ƙafafun cif ɗin, sai in rubuta:

`DDRB |= (1 << 5);`
`PORTB ^= (1 << 5);`

Layin farko ya mayar da ƙafar ta fitar da wuta, na biyu in ana maimaita shi fitila ta riƙa ƙiftawa. Wannan << tura 1 take yi zuwa hagu, kowace turawa ninki biyu, saboda haka 1 << 5 shi ne 32, BASHI ɗinka kuma 1 << 2. A wajenmu wannan ba gwaninta ba ce, dole ce. Cif ɗin ATmega328P da ke kan allon kilobait 2 kacal yake da shi na ma'adanar aiki, kuma bit ɗin nan da nake kunnawa ƙafar ƙarfe ce ta gaske da wuta ke fita ta cikinta. In na rubuta `PORTB = 32` kai tsaye, na kunna fitila amma na kashe duk sauran ƙafafun da ke layin, wataƙila har da wadda ke riƙe da rilen caji.

Ka ɗauki biro da takarda ka jera su da hannunka. Wanda bai jera 0 da 1 da hannu ba, wannan abu ba ya zama masa.

Batun shafin gogewa na bar wa masu PHP, ko da yake ina zargin baka, wato ( ), ce ta ɓace.

'Yar Bolari

Baba, Allah ya ƙara girma, zarginku ya faɗa daidai.

Ƙanena, layin nan naka ba ya tambayar abin da kake zato. A PHP alamar == tana riga & aiki, kamar yadda sau ke riga tarawa. To abin da PHP ke karantawa shi ne:

`if ($izini & (GOGE == GOGE))`

GOGE == GOGE kullum gaskiya ne, kuma in gaskiya ta shiga lissafin bit sai ta zama 1. Ka ga layin ya koma `$izini & 1`, wato tambayar ko mutum yana da DUBA. Wa ye ba shi da DUBA a shagon? Shi ya sa kowa ke wucewa. Duk wanda lambarsa mara ce, 3 ko 7 ko 11 ko 15, ƙofa a buɗe take masa. Gyaran baka biyu ne kawai:

`if (($izini & GOGE) === GOGE)`

Kada ka ga baiken wanda ya rubuta da yawa, wannan ramin ya girme mu duka. Ya samo asali ne daga harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Bell Labs na Amurka a farkon shekarun 1970. Harshen B da ya gabace shi ba shi da &&, alamar & ɗaya ce ke aikin biyu, don haka aka ajiye ta ƙasa da == saboda a iya rubuta `a == b & c == d`. Da aka zo aka ƙirƙiro && sai aka bar & a inda take, don gudun lalata shirye-shiryen da aka riga aka rubuta. Ritchie da kansa daga baya ya nuna cewa da an sauya tun lokacin da ya fi. PHP da JavaScript da Java duk sun gaji tsarin. Java dai tana ƙin haɗa shirin in ka yi haka da lamba, PHP da JavaScript kuwa shiru za su yi su ci gaba. Python da Go sun ɗaga & sama da ==. Ni dai ko a wane harshe nake, baka nake sawa, ba na dogara da haddar wa ke riga wa.

Ka kuma san tambaya iri biyu ce, kuma bambancin yana fitowa ne in ka haɗa izini fiye da ɗaya. A ce `$nema = BASHI | FARASHI`, wato 12. In ka rubuta `($izini & $nema) !== 0` kana tambayar ko yana da ko da ɗaya daga ciki. In ka rubuta `($izini & $nema) === $nema` kana tambayar ko yana da duka. Mai 7 zai wuce ta farko, 7 & 12 ya ba da 4, amma ta biyu za ta tare shi.

Sannan gyaran Baba ka kai shi cikin rumbun bayanan kansa, kada ka karanto lamba zuwa PHP ka sauya ka mayar:

`UPDATE maaikata SET izini = izini | 4 WHERE id = ?`

In kawu yana sauya izinin yaro a wayarsa, babban yaro kuma yana sauya wani izinin na yaron a kwamfutar shago a lokaci guda, wanda ya mayar daga baya zai shafe aikin na farko. In MySQL ce ta yi lissafin, wannan ba ya faruwa.

Yanzu ra'ayina, ko da ba ka tambaya ba. Shago mai ma'aikata da ba su cika hannu biyu ba bai da buƙatar cusa izini a lamba ɗaya. Babu wani wuri da ake tattali, rumbun bayanai ba cif ɗin Baba ba ne. Da ni ce, tebur daban zan yi, kowane layi ma'aikaci da sunan izininsa da ranar da aka ba shi da wanda ya ba shi. Ka buɗe ka karanta da ido ba sai ka yi lissafi ba. Tambaya irin `WHERE izini & 4` ma MySQL ba ta iya bin fihirisa ta amsa ta, sai ta bi layuka ɗaya bayan ɗaya, ko da yake a ɗan teburinku wannan ba zai dame ka ba. Amma kada ka taɓa wannan yanzu ana tsakiyar sayar da taki. Gyara layuka biyun nan, sauran sai bayan kaka.

Mai Sabar

Ɗan'uwa, ka daɗe kana amfani da abin nan ba ka sani ba. Ka taɓa yin `chmod 755` ko `644`, wato saita izinin fayil, lokacin ɗora fayil a sabar? Karantawa 4 ce, rubutawa 2, gudanarwa 1. To 7 duka uku ke nan, 5 karantawa da gudanarwa, 6 karantawa da rubutawa. Lamba ta farko ta mai fayil, ta biyu ta rukuninsa, ta uku ta kowa da kowa. Masu buga 777 don dai shafi ya buɗe, sun ba duniya izinin rubutu ne.

A PHP ɗin ma ka duba saman fayilolinka, da wuya ka rasa `error_reporting(E_ALL & ~E_NOTICE)`. Daidai abin da Baba ya nuna: kunna duka, kashe ɗaya.

Don gwaji, `decbin(11)` zai ba ka 1011, `bindec('1011')` ya mayar da kai 11, `printf('%05b', 3)` kuma ya cika maka da sifili ya ba ka 00011. Kalkuletan Windows ma yana da ɓangaren masu rubuta shiri, kana danna bit ɗaya-ɗaya kana ganin lamba tana sauyawa. Gwada 65 da 97 ka gani: su ne lambobin haruffan A da a a kwamfuta, bit ɗaya tak ya raba su, na 32.

Gargaɗi ɗaya in wata rana ka kai lissafin nan JavaScript: can alamomin nan a bit 32 suke aiki. `1 << 31` zai ba ka -2147483648, `1 << 32` kuma ya dawo 1. Sai da BigInt, nau'in manyan lambobi, ake wuce nan. PHP a sabar mai bit 64 ba ta da wannan matsin.

Ɗan Jekadafari

Baba, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi yadda kuka ce, na jera su a bayan wani tsohon rasit, kuma da na ga ɗayan nan ya tsallaka kan FARASHI sai komai ya faɗa wurinsa. Anti, na sa bakar, na shiga da asusun yaron kanta, shafin gogewa ya kore ni. Malam Mai Sabar, fayilolin manhajar duk 777 ne, wannan kuma wani aikin ne.

Amma ga sabuwa. Na buga `echo ~4;` don in ga abin da Baba ya ce, ina jiran wani abu kamar 27, wato 11011, sai ta ba ni -5. Daga ina ragi ya fito?

Kuma da na bi sauran fayil ɗin na samu maɓallin cire izini, shi ma `$izini - BASHI` ne. Na duba teburin gaba ɗaya, akwai wani tsohon ma'aikaci, wanda yake zuwa taimako ranar da kaya suka iso kawai, lambarsa -1. Na shiga da asusunsa don gwaji. Wallahi komai a buɗe yake, har gogewa, bayan ma na gyara layin. Ta yaya wanda lambarsa ba ta kai sifili ba ya yi daidai da kawu?

Baba Mai Inbata, Bauchi

Madalla da ka duba, ɗana. Tambayoyin nan biyu amsarsu ɗaya ce.

Makunnanka biyar ne kake kallo, amma lambar tana da gurabe da yawa a hagu da suke zaune a 0, a PHP ɗinka wataƙila 64 ne gaba ɗaya. Alamar ~ ba ta san biyar kake so ba, duka take juyawa. Bari mu yi da 8 don takarda ta ishe mu. 4 shi ne 00000100. Juya shi: 11111011. In lambar ba ta ɗaukar ragi, wannan 251 ne. In tana ɗauka, bit na can hagu shi ke nuna ragi, kuma wannan tsarin dai ana karanta shi -5.

Ga dalili. Ɗauki 11111111 ka ƙara masa 1. Ajiye 0 ɗauki 1, ajiye 0 ɗauki 1, har ka kai ƙarshe, ɗayan ƙarshe ya rasa gurbin zama ya faɗi. Saura 00000000. To wace lamba ce in ka ƙara mata 1 take ba da sifili? -1. Saboda haka a wurin kwamfuta -1 shi ne duk gurabe a kunne. Daga nan ka yi ta ragewa: 11111110 shi ne -2, 11111101 shi ne -3, 11111100 shi ne -4, 11111011 shi ne -5. An zaɓi wannan tsari ne don da'irar lantarki ɗaya ta yi tarawa da ragewa ba tare da an gina biyu ba. Ƙa'idar a taƙaice: ~x daidai yake da -x - 1. Kada -5 ta tsorata ka, gurabe biyar na dama 11011 ɗin da kake jira ne, kuma & za ta share sauran tunda a lambar yaron duk 0 ne.

Mutumin naku kuwa, 3 gare shi, wani ya danna cire bashi alhali ba shi da bashin. 3 a cire 4 saura -1. Duk makunnai suka kama, har waɗanda ba a ɗaura wa komai ba tukuna. An je rage masa an mayar da shi mai shago. Da `& ~BASHI` aka yi, 3 za ta zauna 3, don kashe abin da yake kashe ba ya jawo komai.

'Yata ta Bolari, maganarki ta tebur ban ƙi ba, ke kika san rumbun bayanai. Amma ina ganin a bar yaron nan ya riƙe wannan tsarin tukuna har ya ratsa shi. In ya gudu daga gare shi yau, gobe zai same shi a launukan shafi, a adireshin intanet, a Android, ko'ina. Tsarin bai yi laifi ba, + da - ne aka sa a inda ba wurinsu ba.

'Yar Bolari

Baba, na yarda ya koya, amma ba a kan littafin bashin manoma ba. Ga shi yanzu tambayar da kawu zai fara yi ita ce wa ya danna, yaushe, kuma lamba ɗaya ba ta da amsa. Mu bar shi a nan, bayan kaka ma sake zama.

Ƙanena, abin gaggawa: kada ka ce za ka gyara lambobin da suka lalace da lissafi. 11 da kuskure ya haifar da 11 da aka bayar da gangan kamarsu ɗaya, babu wata dabara da za ta raba su. Haka 15 na babban yaro: tana iya zama daidai, tana kuma iya zama 7 da aka ƙara wa 4 sau biyu. Ka buga sunayen ma'aikata a takarda, ka zauna da kawu bayan an rufe shago, ya faɗa maka da bakinsa abin da kowa ya kamata ya iya, ka rubuta lambobin sabo. Asusun mai -1 kuwa ka mayar da shi 3 yau ɗin nan kafin ka kwanta, a kuma sauya kalmar sirrinsa. In manhajar tana ajiye tarihin rasit da aka goge, ka duba. In ba ta ajiyewa, ka gwada lambobin rasit da ke jere ka ga ko akwai giɓi.

Bayan ka gyara lambobin, mayar da gurbin `TINYINT UNSIGNED`. Yana ɗaukar 0 zuwa 255, izini takwas ke nan, kuma in MySQL tana kan tsauraran saiti za ta ƙi karɓar ragi maimakon ta ajiye. Kafin ka taɓa komai ka kwafi rumbun bayanan ka ajiye a filashi.

Ɗan Jekadafari

An yi, Anti. Mun zauna da kawu, ashe 15 ɗin babban yaro daidai ce, amma akwai wani mai 7 da kawu bai san yana rubuta bashi ba. Yanzu kuma da ya ga abin yana gyaruwa ya ce a ƙara izinin yin rangwame, wanda zai ba mutum biyu kawai. Na san 32 zan ba shi. Sai dai na ga wurare da dama an rubuta `if ($izini == 31)` don gane mai shago. In na ƙara wa kawu rangwame ya zama 63, ba zai rasa shafukansa ba?

Mai Sabar

Zai rasa, duk inda aka rubuta 31 da hannu zai kore shi. Nemo su duka da `grep -rn "31" .` a cikin jakar manhajar, ka bi ɗaya-ɗaya don wasu kwanan wata ne. Sai ka yi suna guda:

`const RANGWAME = 32;`
`const KOMAI = DUBA | SAYARWA | BASHI | FARASHI | GOGE | RANGWAME;`

Amma shafin da gogewa yake buƙata ya tambayi GOGE kawai, kada ya tambayi KOMAI. Kuma kada ka taɓa cusa sabon izini a tsakiya ka matsar da sauran, lambobin da ke rumbu ba za su matsa tare da kai ba, mai FARASHI sai ya wayi gari da wani abu daban. Sabo kullum a hagu: 32, 64, 128. Daga nan TINYINT ya cika, sai ka koma SMALLINT UNSIGNED, shi bit 16 ne.